Kukan Ƙofar Kabad

A bayan ɗakin karatu na jami'ar, ƙarƙashin wata matakala da ba kowa ke bi ba, akwai wani tsohon kabad na katako. Ba wanda ya san daga wane ofis aka jefo shi. Ƙafarsa ɗaya ta gutsure an tokare da bulo, fentinsa ya kwaile, ƙofarsa kuwa in aka buɗe sai ta saki wani kuka mai tsawo, kamar akuyar da aka ɗaure aka manta da ita. A cikinsa ɗalibai ke ajiye abinci: ƙullin shinkafa, wake, taliya, kifin gwangwani, sukari, wani lokaci har da sabulu. Mai hali ya sa, marar hali ya ɗauka.

Doka ɗaya ce tak a wurin: ba a kallo. Duk mai zuwa da jakarsa yake zuwa a kafaɗa, don haka ba a san ko ajiyewa ya yi ko ɗauka. In ka tarar da mutum a gaban kabad, sai ka juya masa baya ka hau karanta wata sanarwa da ke manne a bango, wadda ke kiran ɗalibai taron da aka tashi shekara biyar da suka wuce. Babu takardar da aka fi karantawa a duk jami'ar irin wannan, har da littattafan da ke saman benen.

Ƙungiyar da ke kula da kabad ɗin ba ta kai mutum ashirin ba, 'yan kabad ake ce musu. Shugabarsu 'yar ajin ƙarshe ce mai karatun haɗa magunguna, siririya, marar yawan magana, wadda in ta ce a'a sai dai ka nemi wata hanyar. Kowa a makaranta Shugaba yake ce mata. A gida kuwa mahaifinta, wani kafinta, Uwata yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

A wannan shekarar kaya suka yi tashin gwauron zabi. Masu sawa suka ragu, masu ɗauka suka ƙaru, har ma wasu da aka sani da sawa, Allah kaɗai ya san abin da jakarsu ke yi yanzu. Sai a cika kabad da safe, kafin azahar ba komai sai warin kifi. Wata rana Shugaba ta buɗe ta tarar da takarda a kan katakon tsakiya, an rubuta da fensir: "Ba komai, na gode, zan dawo gobe." Ta ninke takardar ta sa a aljihun jakarta, ba ta nuna wa kowa ba.

Suka je ofishin kula da ɗalibai, aka yaba musu ƙwarai, aka ce su rubuto. Suka rubuto, aka ce su dawo. Daga nan ne mai yaɗa labaran ƙungiyar, wani ɗalibin aikin jarida da ake wa laƙabi da Ɗan Jarida tun kafin ya rubuta ko layi ɗaya a wata jarida, ya kawo shawarar su buɗe shafin neman gudummawa a intanet. A irin shafin nan akan rubuta bukata, a sa hoto, kowa daga inda yake ya tura abin da ya sawwaƙa, wani koren layi kuma yana tsawo yana nuna inda aka kai. Suka sa hoton kabad a rufe, suka rubuta bayani mai kyau. Mako uku koren layin bai fi ƙwayar shinkafa ba, shi ma yawanci aljihun 'yan ƙungiyar ne da na wani malami guda.

Suka haɗu da yamma a wani ajin da ba kowa, suka zauna a kan tebura.

"Ni fa na faɗa tun farko," in ji Ɗan Jarida. "Ba mai tausayin katako. Mutane fuska suke so su gani. Gani ya kori ji."

"Fuskar wa?" in ji Shugaba.

"Ba sai an ga fuskar sosai ba. Akwai taga a bene na biyu, tana kallon wurin. In na jingina waya a can yini ɗaya, shi ke nan. Sai in dusashe fuskokin."

"Takalmin fa? Jakar fa? Tafiyar mutum fa, ita ma za ka dusashe ta?"

"To mu roƙi wani ya yarda da kansa."

"Ta yaya za ka san wanda za ka roƙa, in ba kallo ka yi ba?"

Ɗan Jarida ya shafa ƙeya. Ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ke riga kansa isa wuri. Ya ce, a hankali wannan karon, "Shugaba, ni ma ba daɗi nake ji ba. Amma dokar nan ta kabad mai abinci ce. Kabad ɗin da ba komai a ciki, ko an kalla ko ba a kalla ba, duk ɗaya."

Maganar ta zauna mata a ƙirji, domin gaskiya ce. Aka fara tattara jakunkuna. Sannan ta ce, "Gobe da safe ka zo da wayarka. Akwai fuska."

"Ta wa?"

"Tawa."

Wata a cikinsu ta juya ta hau kallon allo, kamar a can ma an manna sanarwa.

Abin da ba su sani ba shi ne, shekarar da Shugaba ta shigo jami'a ita ce shekarar da aka faɗaɗa titin unguwarsu, aka rushe rumfunan bakin hanya, har da ta mahaifinta. Kafinta ya koma aiki a gindin bishiya da zarto da guduma, ya haɗa kuɗin rajista da ƙyar da jiɓin goshi, ya rako ta tasha yana ba ta haƙuri a kan ɗan abin da ya ƙulla mata. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayarta tana gidan miji da nata nauyin. Duk ranar Asabar bayan la'asar sai ya kira ta da 'yar wayarsa mai madannai, tambayarsa ta farko kuma ba ta canzawa.

"Uwata, kin ci abinci?"

"Na ci, Baba, har na rage."

Wata bakwai tana faɗin haka, kabad ne ke ciyar da ita. Ta ƙudurta a ranta cewa wannan magana da ita za a binne ta. Ba kunyar talauci take ji ba. Ta san mutumin da ta fito daga tsatsonsa ne: zai iya jure rushewar rumfa, ya jure rana, ya jure wulaƙancin masu ba da aiki, amma ba zai jure jin cewa wadda yake kira da sunan uwarsa ta kwana da yunwa yana raye ba.

Ta auna wannan kafin ta yi alkawari, kada a ce ba ta auna ba. Sai dai awon 'yan makaranta ta yi. Ta ce wayar Baba ba ta nuna bidiyo, Baba bai san hanyar intanet ba, masu ba da gudummawa kuma baƙi ne na nesa, tsofaffin ɗalibai da ma'aikatan ofis. A lissafinta, jami'a duniya ce guda, layin 'yan katako inda Baba ke aiki kuma wata duniyar daban, ba gada a tsakani. Mai karatun haɗa magunguna, wadda ta san yadda ɗigo ɗaya ke bin jini ya zagaye jiki, ita ce ta manta cewa masu zuwa sayen kujera ma suna da waya.

Da safe ta tsaya a gefen kabad, hannunta a kan ƙofar. Ɗan Jarida ya ɗaga waya, ya ce ta kalli idon kamarar kamar mutum ne. Ta yi magana ba kuka, ba ado. Ta ce ita ce shugabar ƙungiyar, kuma kafin ta zama shugaba ta yi wata bakwai tana ci daga nan. Ta faɗi yadda takan bari sai an shiga lacca wurin ya yi tsit sannan ta zo. Ta ce, "Ba yunwar ce ta fi damuna ba. Kukan ƙofar nan ne. In na buɗe sai in ji kamar tana kiran sunana, duk makaranta na ji." Ta ja ƙofar, ƙofar ta yi kukanta. Sannan, don kada wani ya zargi gidansu, ta ƙara da cewa, "Mahaifina kafinta ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Bai sani ba, ni ce ban faɗa masa ba."

Da suka gama Ɗan Jarida ya sauke wayar. Ya ce, "In yanke wurin maganar Baba?"

"Bar shi. Hakkinsa ne a san ba laifinsa ba ne."

Kwana biyu koren layin ya yi tsalle. Kwana biyar ya kai ƙarshe ya wuce. Tsofaffin ɗalibai suka riƙa rubuto cewa su ma sun san wannan kukan, wani babban likita ya ce shi ne ya tokare ƙafar da bulo. Wani mai shago ya aiko da buhuna a bayan mota. Kabad ya cika har aka nemi aron wani ɗaki a ajiye saura. 'Yan kabad suna ta murna, ana nuna Shugaba a hanya, wasu na gaishe ta da girmamawa, wasu na sunkuyar da kai su wuce da sauri. Ita ma ta ji daɗi, ba za a ɓoye ba. Ta ciro takardar nan ta fensir ta sake karantawa, ta ce a ranta, gobenka ta zo, ko kai waye.

Ranar Asabar la'asar ta yi, ta wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Shekara huɗu bai taɓa saɓawa ba, ko ranar da guduma ta fasa masa yatsa sai da ya kira. Ta kira shi, tana shiga ba a ɗauka. Ta sake, haka. Kafin magariba sai ga kiran yayarta.

"Ke wace irin yarinya ce?" in ji Yaya, muryarta a dashe. "Ni ba 'yar uwarki ba ce? Ko kunu ne ai da na aiko miki."

"Yaya, Baba ya gani?"

"Ya gani mana. Wani mai sayen gado ne ya nuna masa, a tsakiyar layi, mutane na tsaye. Wai, Malam, ashe 'yarka ce ta yi suna haka? Sai da ya sa aka maimaita masa sau uku. Ba wannan ne ma abin ba. Maƙwabcinsa mai fenti, don neman lada, ya kama hannunsa a gaban jama'a ya ce, haba, ai da ka yi magana da mun taimaka. Tun ranar Alhamis bai fita aiki ba."

"Me ya ce?"

"Da ya ce wani abu ai da sauƙi. Na kai masa abinci, yadda na ajiye haka na ɗauke."

Shugaba ta zauna a bakin gadonta. Ta tsare fuskar ɗalibai ɗari da ba ta sani ba, ta miƙa tata, ba ta tuna cewa fuskar ɗa ba tasa ba ce shi kaɗai. Washegari ta sami Ɗan Jarida ta ce ya sauke bidiyon. Ya sauke a gabanta ba musu, amma ya gaya mata gaskiya: an riga an kwafa, yana yawo a wayoyin da ba su san adadinsu ba. Magana zarar bunu ce. Ta ci gaba da kira safe da yamma, ba a ɗauka. Ta yi niyyar tafiya gida, ga jarrabawa saura kwana uku, ga tsoron abin da za ta tarar. Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta san da wane suna zai kira ta ba in sun haɗu.

Ranar Talata da hantsi mai gadin babbar ƙofa ya aiko a ce mata tana da baƙo. Ta tarar da mahaifinta a tsaye a gefen rumfar masu gadi, ya ƙi zama a bencin da aka ba shi. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, amma a kafaɗarsa tsohuwar jakar kayan aikinsa ce, ga fensir a bayan kunne, da alama ya manta da shi a wurin. Tafiyar awa shida ce daga gida, ke nan tun asuba ya fito. Ya rame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a gajarce yana kallon saman kanta.

"Kai ni wurin," ya ce.

Ta shige gaba yana biye. Suka wuce ajujuwa, suka wuce masu sayar da takardu, suka zagaya bayan ɗakin karatu. Da suka karyo kwana sai ga wata ɗaliba a gaban kabad da jakarta. Shugaba ta juya baya, jiki ya riga ya saba. Kafinta ya dube ta, ya dubi bangon, shi ma ya juya ba tare da an ce masa komai ba. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, uba da 'ya, suna fuskantar sanarwar taron da aka tashi tuntuni. A bayansu ƙofar ta saki kukanta, dogo, har ƙarshe. Ta saci kallonsa ta ga ya runtse ido, muƙamuƙinsa na motsi. Ƙofar ta sake kuka ta rufu, takun yarinyar ya yi nisa.

Ya sauke jakarsa ya tsuguna. Ya buɗe ƙofar ya rufe, ya kasa kunne kamar likita. Ya shafa ƙarafan da take juyawa a kansu, ya dubi tsatsar da ta shafi yatsansa.

"Ba mai take so ba," ya ce. "Ƙarfen ne ya lanƙwashe, ƙofar ta sauka tana gugar katako. Ko tulun mai kuka juye mata ba za ta yi shiru ba. Riƙe nan."

Ta riƙe ƙofar kamar yadda take riƙe masa katako tana ƙarama. Ya ciro sababbin ƙarafa guda biyu a ƙunshe cikin takarda, ya kwance tsofaffin, ya toshe ramukan da suka buɗe da 'yan tsinkayen katako. Hannunsa na aiki, idonsa na kan aikin. Sai can ya yi magana.

"Duk Asabar ina tambayarki."

"Haka ne, Baba."

"Kina cewa har kin rage."

Hawaye ya sauko mata, ba hannun sharewa, duka biyun na riƙe da ƙofa.

"Baba, in da na faɗa maka, me za ka yi?"

"Da na sayar da kayan aikina."

"Shi ya sa."

Ya dakata da abin ɗaure sukuru a hannu. Ya daɗe a haka, kamar yana auna maganar da ma'auninsa, ta ko'ina kuma tana fitowa daidai, ba inda zai rage. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, ita ma ta gani. Ya ci gaba da ɗaurewa.

"Maganar mutanen layi ba ta dame ni ba," ya ce. "Yau su yi da ni, gobe su yi da wani. Kuma abin da kika yi wa 'ya'yan mutane, ban ce kin yi laifi ba. Da na ga abin da ke cikin kabad ɗin nan na san ba a banza kika tsaya gaban duniya ba." Ya hura ƙurar katako daga kan ƙarfen. "Amma a bakin mai sayen gado na ji. Duniya duka ta riga ni."

"Ka yafe mini, Baba."

Ya gama na sama, ya gama na ƙasa. Ya cire bulon da ke tokare da ƙafar, ya auna, ya yanko wani guntun katako da ya zo da shi, ya kafa mata sabuwa. Ashe har ƙafar ya lura da ita a bidiyon. Ba banza ya sa aka maimaita masa sau uku ba. Ya girgiza kabad ɗin, bai motsa ba. Ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya share tsatsar hannunsa da tsumma don kada ta ɓata rigar.

"Saki," ya ce.

Ta saki. Ya sa yatsa ɗaya ya ja ƙofar. Ta buɗe har ƙarshe, ba ko ƙis. Ya mayar, ya sake ja, shiru. Ga shinkafa da wake da gwangwanaye jere a ciki, sai ƙamshin sabon katako.

"To," ya ce. "Yanzu ko 'yar wa ce ta zo, ba mai ji."

Ya rataya jakarsa. Ta ce ya tsaya ya huta, ya ce motar ƙarfe biyu yake so ya samu, akwai gadon mutane da bai haɗa ba. Ta raka shi har bakin babbar ƙofa. A nan ya tsaya, ya juyo, karo na farko tun zuwansa ya dube ta ido cikin ido. Idanunsa sun yi ja.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Na rufe bakin ƙofar nan saboda 'ya'yan mutane, don kin ce kukanta ya fi yunwa ciwo." Ya gyara igiyar jakar a kafaɗarsa. "Amma ni, da kin bari na ji."